Gefen Hantar Baba

A shekarun da kuɗin mai ya yi wa ƙasar nan ambaliya, soja na kan mulki, yayana ya wayi gari ɗan kwangila. Kafin nan kayan keke yake sayarwa a kasuwa, sarƙa da taya da ƙararrawa. Sai wani abokinsa na firamare ya zama babba a wata ma'aikata, nan take Yaya ya gano cewa ashe tun daga ciki shi magini ne. Ya gina ajujuwa, ya yi kwalbatoci, ya shimfiɗa wata hanya wadda damina ɗaya ta naɗe ta kamar tabarma. Kafin shekara biyu ya je Makka ya dawo da haƙorin zinariya, ya dasa bene a unguwar Mabera a nan Sakkwato, lokacin rabin Mabera gonakin gero ne.

Ni kuwa malamar firamare ce, ina aure a Gawon Nama. Mahaifinmu yana ƙauye a bakin fadama, shinkafa a ƙasa, gero da dawa a tudu. Innarmu ta rasu tun ina kwalejin horon malamai, ƙanwarsa ke yi masa tuwo. Mutum ne mai ƙarancin magana, wanda in ya ce maka sannu da rana to ya gama hirar ranar.

Kusan shekara guda Baba yana ganin jini idan ya zaga, bai faɗa mana ba. Ya faɗa wa mai magani, mai magani ya faɗa wa matarsa, kafin sati duk ƙauyen sun yi shawara sun yanke hukunci cewa basir ne. Ya sha jiƙe-jiƙe har bakinsa ya manta ɗanɗanon ruwa. Da ramar ta kai wandonsa ya daina zama sai ya zagaya mazagi sau biyu, ya hau mota ya sauka gidana, ya ce ya zo birni sayen galma. A gidana ya sauka ba a benen Yaya ba, domin a cewarsa daɓen gidan can yana da santsi, kuma mutum ba ya sanin inda zai tofar da yawu.

Katanga ɗaya ce tsakanina da wata ma'aikaciyar jinya ta babban asibitin gari, Kirista daga kudancin Zariya, mijinta kafinta. Duk unguwa Sista muke ce mata. Allah bai hore mata zagaye magana ba. Ta shigo aron turmi ta tarar da Baba a zaune kan tabarma, ta durƙusa ta gaishe shi, ta dubi tafin hannunsa da cikin idonsa, ta ja ni gefe ta ce wannan ba mai sayen galma ba ne, gobe da safe in kawo shi asibiti. Na ce mata an ce basir ne. Ta ce wanda ya ce hakan ya zo asibitin shi ma a duba kansa.

Likitan fiɗa na asibitin a lokacin wani Ba'indiye ne gajere, mai Hausar da ba ta wuce sannu da ina ciwo ba. Ya duba, ya sake dubawa, ya ce ciwon daji ne a hanji. Aka yi aiki, ya yanke wani yanki na hanjin ya haɗe sauran. Sista ce ta tsaya a kan Baba har ya fara shan kunu.

Yaya yana Legas wajen neman siminti aka yi wannan aiki. Da ya dawo bai ji haushin ciwon ba kamar yadda ya ji haushin cewa an yanka ubansa a Sakkwato, a gado iri ɗaya da na talakawa, shi yana raye. Ya cika ɗakin marasa lafiya da katan-katan na madarar gwangwani, ya bi gado-gado yana gaya wa mutanen da ba su tambaye shi ba cewa da yana gari da ba a yi haka ba. Baba ya warke, ya koma ƙauye, ya yi noma, ya ma sayi galmar.

Bayan shekara ɗaya da rabi ya sake sauka gidana. Wannan karon bai nemi wata hujja ba. Ya nuna mini ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama ya ce nan ne. Ba'indiyen ya danna wurin, ya yi gwaje-gwajen da yake da su, ya kira ni ofishinsa. Ya ce ciwon ya yi ƙaura daga hanji zuwa hanta. A nan ba su da abin da za su yi masa. Amma a ƙasar waje akwai likitoci kaɗan da suka fara yanke irin wannan ƙari daga hanta, in ya kasance guda ɗaya ne kuma bai bazu ba.

Na kai wa Yaya wannan labari ina kuka. Ba zan ce ya yi murna ba, Allah yana gani, ya share hawaye da hannun babbar riga. Amma na ga wani abu ya haska a idonsa da na ambaci ƙasar waje. A cikin abokansa 'yan kwangila akwai wanda ya kai uwarsa Masar a cire mata yanar ido, kuma wata shida ke nan yana hana su sakat da labarin. Ga hanta ta samu, wadda ta fi ido girma. Kafin sati uku Yaya ya haɗa takardu, ya samo asibiti a Ingila ta hannun wani Bature mai sayar masa da injin kwaɓa siminti.

Saura tafinta. Turancin Yaya ya ishe shi karɓar kwangila da gode wa wanda ya ba shi, daga nan ya ƙare. Sai aka tuna cewa akwai wata a gidan da aka yi ta yi wa Baba gori don ya bar ta ta yi boko. Maigidana ya yarda, makaranta ta ba ni hutu, muka tafi mu uku.

A mota daga filin jirgi zuwa asibiti Baba ya daɗe yana kallon waje, ciyawa kore shar ko'ina, sannan ya ce ƙasa mai ruwa haka amma ba wanda ya shuka komai, lalle mutanen nan ba su da yunwa.

Ba wanda ya gaya mini cewa aikin tafinta zai haɗa da tsayawa tsakanin ubana da Bature ana maganar bayan gida. Likitan dogo ne mai furfura, yana tambaya kamar mai tambayar farashin albasa: sau nawa a rana, wane launi, da tauri ko da ruwa. Ni da ban taɓa cin abinci a gaban Baba ba. Na sunkuyar da kai ina yi wa daɓe magana, Baba ya juya fuska yana ba bango amsa, haka muka yi har aka gama. Yaya, wanda ya kamata a ce shi ne namiji a wurin, ya tuna yana da uzuri a waje.

Ya dawo lokacin da likitan ya ɗauko takarda ya zana hanta, ya zana wani abu kamar ƙwan zabuwa a ɓangaren dama. Ya ce guda ɗaya ne, kuma wannan abin godiya ne. Amma ba ƙarin kaɗai ake cirewa ba. Ana haɗawa da lafiyayyen nama a kewayensa, kamar faɗin yatsa, domin ciwon yana da ƙananan saiwoyi da ido ba ya gani. Bayan aiki za a kai abin da aka yanke a duba gefensa a madubin da ke girmama ƙananan abubuwa. In gefen ya fito da tsabta kuma da tazara, an fi sa rai mutum ya daɗe. In ciwon ya zo dab da inda wuƙa ta bi, to yana iya sake tsirowa daga nan.

Na fassara. Yaya ya gyara zama ya ce in gaya wa Baturen kada ya yi tsimi, ya cire hantar gaba ɗaya a huta. Likitan ya ce mutum ba ya rayuwa ba hanta. Yaya ya ce to in tambaye shi ko suna da sabuwa a sito. Wannan ban fassara ba.

Aka yi aikin. Tun hantsi har bayan la'asar muna zaune a wani dogon baranda mai warin magani, Yaya yana jan carbi da sauri kamar ana binsa. Baba ya farfaɗo, ciki a ɗinke daga wannan gefe zuwa wancan, robobi ta ko'ina. Kwana huɗu ya fara zama, kwana shida ya fara ƙorafin cewa abincinsu ba gishiri, muka san ya dawo.

A kwana na tara likitan ya kira mu ni da Yaya. Ya sake ɗauko takardarsa. Ya ce ta ɓangare uku ya sami faɗin da yake so. Ta ɓangare na huɗu ƙarin ya jingina da wata babbar jijiyar jini wadda in aka taɓa ta mutum ba zai sauka daga teburin ba. Ya bi ta gefenta iyakar yadda wuƙa za ta iya. Masu madubi sun duba, sun ce tsakanin ciwon da bakin yankan bai fi kaurin zare ba. Na tambaye shi ma'anar haka. Ya ce ma'anarsa ya cire duk abin da ido ke gani, amma ba zai ce mana ya tafi ba. Zai iya dawowa, kuma in zai dawo ta nan zai fi dawowa. Na ce yaushe. Ya ce bai sani ba, akwai waɗanda ya yi wa yanka mai faɗi ba su daɗe ba, akwai masu irin na Baba da suka ba shi mamaki, amma ba zai ɓoye mana cewa mai faɗin ya fi samun dama ba.

Da na mayar da wannan Hausa, Yaya ya miƙe tsaye. Ya ce an yi masa ha'inci. An yi alkawarin faɗin yatsa an kawo kaurin zare, wannan a ko'ina sunansa cin amana, kuma shi ba a yi masa irin wannan aiki. Na dube shi. Na taɓa koyarwa a ajin da ya gina, inda in yaro ya jingina da bango sai ya tashi da rabin bangon a bayan riga. Ban ce komai ba, yayana ne. Likitan ya tambaye ni abin da yake faɗa, na ce yana godiya.

A baranda Yaya ya kafa mini doka. Baba ba zai ji wannan magana ba, mutanen Sakkwato ma ba za su ji ba. An kawo shi Ingila, an yi aiki, ya warke, iyakar labarin ke nan. Ya ce faɗa wa tsoho irin wannan kashe shi ne tun kafin ajali. A lokacin na ga kamar yana da gaskiya, kuma gaskiyar tasa ta zo mini da sauƙi, domin ni ma ba na son in zama mai faɗar.

Washegari likitan ya zo gadon Baba da kansa, ya zauna a bakin gado, ya yi bayani tiryan-tiryan yana kallon idonsa, har da nuna kaurin zaren da yatsu biyu. Ya daɗe yana magana. Da ya gama Baba ya juyo gare ni.

"Mi yac ce?"

"Ya ce an cire duka, Baba. An gode Allah."

Baba ya dubi likitan, ya dube ni. Ya ce, "Turanci dai akwai ɓarnar baki." Ya gyara bargo ya rufe ido.

Muka dawo Sakkwato ana shirin shuka. Yaya ya yi walimar da Mabera ba ta taɓa gani ba. An yanka sa biyu, an kafa rumfuna har kan hanya, motoci sun tattake gonar wani bawan Allah. Aka zaunar da Baba a kujera mai laushi cikin rigar shadda da ta yi masa yawa, duk babban baƙon da ya zo sai Yaya ya roƙi Baba ya ɗaga riga a ga ɗinkin Ingila. Mai uwar da aka cire wa yanar ido ya zo, ya ga ɗinkin, ya ci nama kaɗan ya tafi. Ban taɓa ganin Yaya cikin farin ciki irin na ranar ba.

Daga nan aka ajiye Baba a ɗakin sama. Yaya ya ce wanda aka yi wa aiki a Ingila ba ya komawa ƙauye ya riƙe hauya, mutane su ce me. Aka sa masa na'urar sanyaya ɗaki, wadda ke aiki duk lokacin da aka kawo wuta, wato kamar sau biyu a sati. Sauran kwanakin tagogin gilashi ne a rufe da zafin Sakkwato. Aka hana shi tuwo, aka hana shi fura, wai sun yi wa hanta nauyi. Wannan doka ba daga bakin wani likita ta fito ba, ni ce tafinta, da na ji. Abincinsa ya koma biskit da kifin gwangwani da wani ruwan kwalba mai zaƙi da ake ba marasa lafiya. Ruwan sama ya sauka, Baba yana tsaye a taga yana kallon masu shuka a gonakin Mabera. Gero ya tsiro, ya kai gwiwa, ya yi kai, yana nan a taga. Idan na je gaishe shi sai ya tambaye ni yara, ya tambayi maigidana, ya koma taga.

Sista ce ke zuwa duba masa ɗinkin, domin wani gefe ya ɗan yi ruwa. Wata rana da yamma muna tsince shinkafa a tsakar gidana ta ce in ba ta takardar da asibitin Ingila suka rubuto, za ta kai wa Ba'indiyen. Na ɗauko ta daga ƙasan akwati. Ta karanta a tsaye, ta sake karantawa a zaune. Ta tambaye ni ko Baba ya sani. Na ba ta labarin dokar Yaya da dalilansa, na ƙara da nawa.

Ta ce, "Malama, hantar taki ce ko ta Alhaji?"

Na ce ba ta kowa ba ce a cikinmu.

Ta ce a asibiti ta ga irin wannan ba sau ɗaya ba. 'Yan'uwa su taru su ɓoye wa mutum abin da ke jikinsa, shi kuma ya ɓoye musu cewa ya gane, kowa yana jinyar kowa har a mutu ba a yi sallama ba. Ta ce ita ba za ta faɗa masa ba, ba huruminta ba ne. Amma tsohon nan da take gani a taga ba ciwo ke cinsa ba a yanzu. Ta miƙo mini takardar ta ci gaba da tsintar shinkafa.

Na yi sati biyu ina juya maganar. Ranar wata Juma'a Baba ya sa direban Yaya ya biyo da shi gidana bayan masallaci. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, na dama masa fura, haramtacciyar, ya shanye ƙwarya guda bai ɗago ba. Sai na zauna daga gefen tabarmar na ce akwai maganar da likitan Ingila ya faɗa wadda ban fassara ba. Na faɗa masa duka: faɗin yatsa, jijiyar, kaurin zaren, da cewa ba wanda ya san yaushe.

Ya saurara har na gama. Ya tambaye ni ko likitan ya yi ganganci ne. Na ce a'a, da ya ƙara ko kaɗan da jini ya ƙare a teburin. Ya gyaɗa kai ya ce to ya yi aikinsa. Ya ce ko ciyawar aya-aya in ta fito a gindin shuka ba ka tone ta duka, sai ka bar wani abu don kada ka kashe shukar, ka sani kuma za ta dawo. Na ɗauka maganar ta ƙare ke nan, har na fara jin sanyi a raina. Sai ya ajiye ludayi.

"Tun can Ingila kunka san wanga?"

"Tun can, Baba."

"Kunka bar ni bisa bene ina kallon geron mutane." Bai ɗaga murya ba. "Ciwo na Allah na, ba ni da ta cewa. Amma damana guda kunka ci mini, ke da yayanki, kuma ba ku san ko nawa suka rage ba."

Ban taɓa jin maganar da ta dake ni kamar wannan ba. Na yi kuka, bai rarrashe ni ba. Ya sallami direban Yaya, ya kwana a gidana. Da safe maigidana ya kai shi tasha a bayan babur, ya hau motar ƙauyensu da rigar da ke jikinsa. Shaddojin da kifin gwangwanin suna nan a Mabera.

Yaya ya zo kafin azahar. Abin da ya faɗa mini a tsakar gida ba na rubutawa ba ne. Sista ta ji ta katanga, ta ƙara wa rediyonta murya don ta rufa mini asiri. Wata huɗu bai yi mini magana ba. Amma mutum ne mai dabara. Kafin sati ya zagayo duk Sakkwato ta ji cewa likitocin Ingila ne suka rubuta wa Baba iskar ƙauye, sabon magani ne da bai iso nan ba tukuna.

Baba ya tarar da girbi, ya taya maƙwabta. Damina ta gaba ya shiga fadama da kansa. Ba shi da ƙarfin da, yakan yi aiki zuwa hantsi ya koma gindin gawo ya zauna yana ba da umarni, amma shinkafar shekarar ta cika rumbu. Ya ci tuwo, ya sha fura, ya yi ƙiba har mazagin ya koma zagaye ɗaya. Ya kira maƙwabcin gonarsa da suka yi shekara goma sha wani abu suna rigimar iyaka, suka kafa dutse a gaban mai gari. Ya gyara rufin ɗakin ƙanwarsa. Ya biya wa wani tsohon abokinsa buƙatar da ban san ta ba sai a wurin ta'aziyya. Duk wata uku yakan zo asibiti, Ba'indiyen ya danna cikinsa, ya ce sannu, Baba ya ce yauwa. Ina jin su biyun sun fi kowa fahimtar juna.

Ni kuwa duk zuwansa sai na leƙa idonsa ina neman abin da nake tsoro. Ya lura. Wata rana ya ce mini in daina dubansa kamar ragon da aka sa wa ranar suna.

Damina uku ya noma. A ta huɗu, ana tsakiyar noman farko, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa, jikinsa ya kama ƙaiƙayi. Ba'indiyen ya riga ya koma ƙasarsu. Wani matashin likita ɗan ƙasa ne ya duba shi, ya karanta tsohuwar takardar Ingila, ya ce ya dawo, kuma ga dukkan alamu ta wurin da aka faɗa. Wannan karon ba a nemi tafinta ba. Da Hausa ya faɗa wa Baba, Baba ya ce ya gode.

Yaya ya tashi haiƙan zai sake haɗa takardu. A lokacin an yi juyin mulki, abokin nasa na ma'aikata yana gaban kwamitin bincike, kwangila ta ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Duk da haka ya ce zai sayar da benen. Na yarda da gaske yake, domin a gabana ya durƙusa ya riƙe ƙafar Baba yana roƙonsa. Baba ya dafa kansa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗan farinsa ba. Ya ce masa ya yi abin da ɗa ke yi wa uba har ya wuce, Allah ya yi masa albarka, amma Baturen ya riga ya yanka iyakar inda ake yankawa, ba wani wuri da ya rage. Ya ce a mai da shi gida.

Sista ta koya wa gwaggonmu yadda za ta ba shi maganin rage zafi, ta kuma je ƙauyen sau biyu a ranar hutunta, da ledar lemu. Baba ya kai har aka yanke gero. Ya rasu wata safiyar Talata, a ɗakinsa, ƙofa a buɗe.

A zaman makoki na ji ra'ayoyi iri-iri daga masana. Wasu sun ce da an bar shi da jiƙonsa da yana nan. Wasu sun ce Turawa ne suka cire masa wani abu suka riƙe. Wata tsohuwa ta ce ita tun farko ta san basir ne. Ba wanda ya tambaye ni, ni da na ga zanen.

Mun daɗe ni da Yaya ba mu taɓa maganar ba. Ya koma kasuwa, wannan karon kayan babur. Sai bayan shekaru, ranar sunan jikarsa ta fari, mutane sun watse, muna zaune a barandar benen da yanzu rabinsa 'yan haya ne, ya ce in sake faɗa masa abin da Baturen ya ce, daga farko, a hankali, domin a wancan lokacin bai saurara ba. Na faɗa masa. Ya tambaya ko da an kai Baba tun yana ɓoye jinin da abin bai kai hanta ba. Na ce wataƙila, ban sani ba. Ya tambaya ko shekarun nan huɗu da ɗoriya aikin ne ya ba shi su. Na ce matashin likitan ya ce da ba a yi aikin ba da wuya ya ga damina biyu. Yaya ya cire hula ya shafa kansa, idonsa ya kawo ruwa. Na ɗauka zai ce wani abu game da ɗakin sama da tagar.

Ya mayar da hular ya ce shi dai har gobe yana ganin da Jamus ya kai shi.